Mario, Spider-Man, Sonic ko tsohon Snake: wanne za ka saya idan kuɗin na guda ɗaya ne?

Kwanaki takwas a watan Oktoban 2023 sun rikita masu sayen gem. Ranar Talata 17 ga wata kamfanin Sega ya saki Sonic Superstars. Ranar Juma'a 20 ga wata Nintendo ya fito da Super Mario Bros. Wonder, a ranar kuma Sony ya fito da Marvel's Spider-Man 2. Talatar da ta biyo baya, 24 ga wata, sai Konami ya tattaro tsofaffin Metal Gear, waɗanda Snake ne jaruminsu, ya zuba su wuri guda da sunan Metal Gear Solid: Master Collection Vol. 1. Uku sababbi fil, na huɗun kuma tsohuwar zuma ce aka sauya wa kwalba.

Har yanzu huɗun nan suna kan kanta a shagunan gem, sababbi da na hannu, kuma tambayar ba ta tsufa ba, domin ba kowa ke iya kwashe su duka ba. A lokacin da suka fito dala ta riga ta haura naira dubu a kasuwar bayan fage, mafi ƙarancin albashi a Najeriya kuwa naira 30,000 ne. Gem ɗin dala 60 ya ci albashin wata biyu ke nan. Wanda zai fitar da irin wannan kuɗi yana da haƙƙin ya yi dogon tunani.

Farashin da aka liƙa musu kusan ɗaya ne: uku dala 59.99, Spider-Man dala 69.99. Amma abin da kowanne zai ci maka kafin ka gama shi ya sha bamban ƙwarai, kuma a nan nake so mu tsaya.

Ma'aunin da za mu auna da shi

Na farko, wace na'ura ce a ɗakinka? Wannan tambayar kaɗai tana kashe rabin gardamar. Mario ba ya fita daga gidan Nintendo, wato na'urarsu Switch. Spider-Man 2 ba ya hawa PlayStation 4 (PS4) ko kaɗan.

Na biyu, kuɗin gaske. Ba na kan kwali kaɗai ba, har da datar da za ka ƙona, da katin ajiya idan wurin ya cika, da pad na biyu, da abin da za ka samu idan ka tashi sayar da shi.

Na uku, wuta. PS5 tana jan wajen wat 200 idan ana wasa, ban da talabijin. Switch ba ta kai wat 20 ba ko da tana kan mazauninta, kuma tana da batirinta. Mai dogaro da ƙaramar sola ko janaretan da ake kunnawa bayan Isha'i ya san bambancin nan ba ƙarami ba ne.

Na huɗu, Turanci. Akwai gem ɗin da hannu kawai yake buƙata, akwai wanda idan ba ka jin abin da ake faɗa, rabin daɗinsa ya wuce ka.

Na biyar, kai kaɗai za ka buga ko da ƙanne da 'ya'ya? Na shida, tsawon ransa: sa'o'i nawa zai ba ka, kuma idan ka gama za ka sake waiwayarsa? Na ƙarshe, haɗari: me zai iya sa ka yi da-na-sani?

| | Mario Wonder | Spider-Man 2 | Sonic Superstars | Metal Gear Vol. 1 |
|---|---|---|---|---|
| Ranar fitowa | 20 Oktoba 2023 | 20 Oktoba 2023 | 17 Oktoba 2023 | 24 Oktoba 2023 |
| Farashin fitowa | dala 59.99 | dala 69.99 | dala 59.99 | dala 59.99 |
| Na'ura | Switch | PS5, kwamfuta daga 2025 | PS4, PS5, Xbox, Switch, kwamfuta | PS4, PS5, Xbox Series, Switch, kwamfuta |
| Mutum nawa a ɗaki | har 4 | 1 | har 4 | 1 |
| Buƙatar Turanci | kaɗan | matsakaiciya | kaɗan | mai yawa |
| Cin data | kaɗan | mai yawa idan babu faifai | matsakaici | mai yawa a Switch |
| Ya dace da yara | ƙwarai | manyan yara | e | a'a |
| Darajarsa a na hannu | tana riƙewa | tana sauka | tana sauka da wuri | matsakaiciya |

Super Mario Bros. Wonder

Shi ne sabon Mario na farko mai tafiya daga hagu zuwa dama tun New Super Mario Bros. U na 2012. Shekara goma sha ɗaya ke nan tsakani, kuma da Nintendo ya dawo ya nuna ba zaman banza ya yi ba. A cikin mako biyu an sayar da kwafi miliyan 4.3.

Dabarar gem ɗin ita ce wani fure da aka ɓoye a kusan kowane mataki. Da ka taɓa shi sai dokar matakin ta birkice. A matakin farko, koren bututun nan da kowa ya sani a tsaye ƙiƙam sai ya fara jan ciki kamar tsutsa, kai kuma kana tsaye a kansa. A na biyu, furannin da suka saba cizon Mario su fito daga tukwanensu su jeru suna waƙa suna maci. Can gaba garken wasu dabbobi masu ƙaho ya taso a guje, ba ka da zaɓi sai ka haye gadon bayansu. Abin da ya burge ni shi ne ba su cika maimaita dabara ba. An yi, an wuce, gobe wata ce. Akwai kuma 'ya'yan itacen da ke mayar da Mario giwa, ya riƙa make abokan gaba da dogon hancinsa, ya ɗebi ruwa ya shayar da busasshen fure ya tashi.

Ta fuskar gida mai yara, babu na biyunsa a cikin huɗun. Mutum huɗu na iya bugawa a talabijin ɗaya. Jarumai goma sha biyu ne, kuma biyar daga ciki, wato Yoshi huɗu da Nabbit, abokan gaba ba sa iya ji musu ciwo, sai dai su faɗa rami. An yi su ne domin ɗan shekara biyar da ya nace sai ya riƙe pad. Wanda ya mutu kuma ba fita yake yi nan take ba, yana zama fatalwa na 'yan daƙiƙoƙi, idan ya taɓa ɗan'uwansa sai ya dawo. Sannan Switch tana zuwa da ƙananan pad biyu a jikinta, ka zare su ka ba kowa ɗaya, ba ka ƙara ko sisi ba.

Data ba matsala ba ce. Gem ɗin bai kai giga 5 ba, kuma yana cikin katinsa gaba ɗaya. Ka sa, ka kunna. Mataki ɗaya minti uku ne zuwa biyar, ko an kira salla ba ka da uzurin "bari in ƙarasa". Idan aka ɗauke wuta ka zaro na'urar daga mazauninta ka ci gaba a hannu. Switch ɗin da aka sabunta a 2019 batirinta yana kai sa'o'i huɗu da rabi zuwa tara.

Aibinsa? Gogaggen ɗan wasa zai kai ƙarshen labarin cikin wajen sa'o'i goma, kuma bos-bos ɗinsa, wato manyan abokan gaban da ake karawa da su, ba su da wani kwarjini, ɗan Bowser (babban makiyin Mario) ne yake ta dawowa. Wahalar gaske tana cikin ɓoyayyun matakai da na ƙarshen ƙarshe, wanda zai sa babba ya ajiye pad ya fita shan iska. Sai kuma farashi: Nintendo ba ya son rage kuɗin kayansa, don haka kada ka zauna jiran ranar da zai faɗo warwas. Amma wannan taurin kan yana yi wa mai kati rana, domin in ka tashi sayarwa ba za a yi maka tayin wulaƙanci ba.

Haɗarin da ke nan ba na gem ɗin ba ne, na pad ɗin Switch ne. Sandarsa ta yi ƙaurin suna wajen fara tafiya da kanta bayan an sha amfani da ita. In na hannu za ka saya, shiga wurin saiti ka gwada sandar a gaban mai shago. Af, idan ka ga yaro ya lasa katin ya tofar, ba lalacewa ya yi ba. Da gangan aka shafa masa sinadari mai ɗaci don kada yara su haɗiye.

Marvel's Spider-Man 2

Wannan shi ne na nuna wa baƙo. Kamfanin Insomniac Games ne ya yi shi, kuma an sayar da kwafi sama da miliyan 2.5 a sa'o'i 24 na farko. Kana riƙe da jarumai biyu, Peter Parker da Miles Morales, kana sauya su yadda ka ga dama a cikin birnin New York, wanda aka faɗaɗa aka ƙara masa unguwannin Brooklyn da Queens. Gem ɗin yana buɗewa ne da faɗa da wani ƙaton mutumin yashi da ya kere benaye tsawo, ya wurga ka tsallaken gari, ka dawo kansa ba tare da hoton ya tsaya ko sau ɗaya ba. An kuma ƙara fukafukan saƙa da kake buɗewa ka yi ta shawagi a kan kogi. Ko ba ka yin komai, yawo a garin kaɗai abin jin daɗi ne.

To amma mu yi lissafi. Shi ya fi tsada da dala goma. Yana neman PS5, wadda farashin fitowarta a 2020 dala 499 ne mai cin faifai, dala 399 marar ci. A jikin kwali an rubuta a tanadar masa aƙalla giga 98, alhali PS5 ta farko abin da ke hannunka daga giga 825 ɗinta bai wuce 667 ba. Idan taka marar cin faifai ce, sauke shi daga intanet zai lashe datar da wani ke yin wata da ita, kuma ba ka da abin sayarwa in ka gama. Mai faifai ya tsira daga mafi yawan wannan, gem ɗin yana tashi daga faifan, sai dai kamfanin ya ba da shawarar a sauke gyaran ranar farko.

Labarin bai kai sa'o'i 20 ba. In ka bi duk ƙananan ayyukan gari ka kai wajen 30. Daga nan fa shi ke nan, sai maimaici, duk da cewa a Maris 2024 an ƙara damar sake farawa da duk ƙarfin da ka tara. Mutum ɗaya ke bugawa. Sauran 'yan kallo ne, kodayake kallon nasa ma kamar fim yake. Turancinsa na hira ne, ko ba ka kama duka ba alamar kan taswira za ta kai ka inda ake so. Ga ƙananan yara kuwa, baƙin dodon nan Venom da wasu wuraren duhu suna iya hana su barci.

Wajen ɗaukewar wuta yana da kirki ta gefe guda: yana ajiye inda ka tsaya da kansa a kai a kai, ba za ka yi asarar tafiya mai nisa ba. Na'urar ce ba ta son a yanke mata wuta tana tsakiyar aiki. Za ka kunna ka tarar tana gyaran ma'ajiyarta tana yi maka gargaɗi, kuma yawan hakan ba alheri ba ne. Wanda zai sayi PS5 a unguwar da wuta ke wasan ɓuya ya sa kuɗin inbata ko ƙaramin batirin kariya a cikin lissafi tun farko.

Shawarata a kansa gajeriya ce: gem ne na saya, ka cinye, ka sayar. Nemi faifan na hannu, ka duba bayansa a haske, ka more shi mako biyu ko uku, ka miƙa wa na gaba. Mai PS4 kuma kada ya tayar da hankalinsa. Spider-Man na 2018 da Miles Morales na 2020 duk suna hawa na'urarsa, kuma da su ya kamata a fara don labarin ya zauna. Ya fito a kwamfuta ranar 30 ga Janairun 2025, amma ba irin laftof ɗin rubuta aikin makaranta yake nema ba.

Sonic Superstars

Ba zan daɗe a nan ba. Gem ne mai kyau da ya yi rashin sa'ar fitowa kwana uku kafin Mario, da farashi iri ɗaya, da salo iri ɗaya. Sega da kansa ya amince cinikin farko bai kai yadda ya yi tsammani ba.

Abin yabonsa na gaske ne. Naoto Ohshima, wanda ya zana Sonic tun asali, yana cikin waɗanda suka yi shi, kuma nauyin gudu da tsalle ya yi kama da na zamanin tsohuwar na'urar Sega, Mega Drive, sosai. Ga Sonic, Tails, Knuckles da Amy, akwai kuma duwatsu masu daraja guda bakwai, kowanne ka samo yana ba ka wani sabon ƙarfi. Babbar fa'idarsa ga mutanenmu ita ce yana hawa kusan komai, har PS4 da Xbox One. Wanda yake son gem na tsalle-tsalle ga yara amma ba shi da Switch, wannan ne a gabansa.

Matsalarsa biyu. Wasan mutum huɗu bai dace da gem ɗin gudu ba: hoton yana bin mutum ɗaya, sauran su yi ta ɓacewa daga allo, kafin minti biyar an fara "kai ne ka yi sauri". Sannan bos-bos ɗin ƙarshe suna da tsawo fiye da kima, ka daki bos sau ɗaya ka tsaya jiran ya gama rawarsa, in ka mutu a dab da ƙarshe a mayar da kai farko. Ba wahala ce mai koyar da kai wani abu ba, ta cin rai ce.

Kada ka biya cikakken farashi. Sega yana yawan yin rangwame mai zurfi. In kuma Sonic ɗin yarinta kake nema, Sonic Origins Plus da ya fito a Yunin 2023 kan dala 39.99 ya ƙunshi na 1991, da na biyu, da Sonic CD, da Sonic 3 & Knuckles, da ƙarin gem goma sha biyu na Game Gear, tsohuwar na'urar hannu ta Sega. Ya fi araha, kuma shi ne ainihin abin da zuciyarka ke tunawa.

Metal Gear Solid: Master Collection Vol. 1

A nan ne zaɓin ya fi wuya, domin a takarda shi ya fi kowa kaya. Kana samun Metal Gear Solid na 1998, da Sons of Liberty na 2001, da Snake Eater na 2004. Ga asalin Metal Gear na 1987 da na biyunsa na 1990 waɗanda aka yi wa kwamfutar MSX2 a Japan. Ga na NES, tsohuwar na'urar Nintendo, guda biyu, da littattafan labarin da ake karantawa a allo. Manyan ukun kaɗai za su kai ka wajen sa'o'i 40. Ana kuma sayar da kowanne daban kan dala 19.99, abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba.

Wanda ya yi zamanin PS1 da PS2 a gidan gem, a lokacin da kowa ke layin ƙwallo shi kuma yana gefe yana laɓe a cikin kwali yana jiran soja ya juya baya, ya san darajar waɗannan. Hideo Kojima, wanda ya ƙirƙiri Metal Gear kuma ya bar Konami a 2015, ya cika su da dabarun da har yau ba a cika ganin irinsu ba. A na 1998 akwai bos mai karanta zuciya, Psycho Mantis, wanda zai leƙa katin ajiyarka ya faɗa maka wasu gem ɗin Konami da ka buga, kuma yana kauce wa duk harbinka har sai ka cire pad daga ramin farko ka mayar na biyu. Lambar rediyon da za ka kira Meryl, wata soja mai taimaka maka, kuwa a bayan kwalin faifan aka buga ta, abin da ya wahalar da duk wanda ya sayi kwafin da ba shi da kwali. A Snake Eater, wanda aka gina labarinsa a dajin Tarayyar Sobiyet a 1964, kana farautar maciji da kwaɗo ka ci, naman da ka ajiye ya ruɓe in ya daɗe, ka ciro harsashi daga jikinka da wuƙa ka ɗinke wurin. Akwai tsohon maharbi mai suna The End da za ka iya shafe sa'a guda kuna farautar juna a daji. In ka gaji, ka ajiye wasan ka bar shi sama da mako, ka dawo ka tarar tsufa ya kashe shi.

Duk wannan yana nan. Abin da ba ya nan shi ne gyaran da farashin ya sa mutane suka yi tsammani. Na biyu da na uku ba sabon aiki ba ne, kwafin da kamfanin Bluepoint ya gyara a 2011 ne aka ɗauko kusan yadda yake. Na 1998 kuwa an bar shi da hotonsa na PS1, wanda a babbar talabijin ta zamani yake fitowa dishi-dishi. A Switch, na biyu da na uku suna tafiya da hoto 30 a daƙiƙa, alhali Sons of Liberty a kan PS2 ta 2001 yana yin 60. Masu kwamfuta sun yi ƙorafin rashin wuraren saiti na yau da kullum. Daga baya Konami ya yi ta sakin gyare-gyare, abubuwa sun yi sauƙi, amma kowane gyara data ne.

Babban tarkon yana kan katin Switch. Za ka sayi kwali, ka ɓare, ka sa kati, sai na'urar ta ce ka sauke sama da giga 20 kafin ka taɓa manyan gem ukun, ban da bidiyoyin ƙari. Abin da ke cikin katin ɗan kaɗan ne. Switch ta asali kuwa giga 32 gare ta gaba ɗaya. Ka ga an ƙara maka kuɗin data da na katin ajiya a kan dala 60 ɗin, kuma duk wanda ka sayar wa katin shi ma sai ya sake wannan hidimar. Ga mai Switch a ƙasar da ake auna data da cokali, wannan kaɗai ya isa ya sa a dakata.

Sai Turanci. Metal Gear surutu ne da shi, ba kaɗan ba. Hirar rediyo ta minti goma, bidiyon labari mai tsawo, maganar makaman nukiliya da siyasar yaƙin cacar baka da cin amana. In kana jin Turanci sosai, wannan ne daɗinsa. In ba ka ji, za ka yi ta danna maɓalli kana tsallakewa, ka kuma rasa inda aka faɗa maka abin da za ka yi. Yadda ake sarrafa shi ma na da ne. Wanda ya saba da gem ɗin harbi na yanzu zai yi sa'a biyu yatsunsa na yi masa gardama. Kuma ajiye wasa da hannu ake yi, ta hanyar kiran wata a rediyo. A na farko Mei Ling ce, lamba 140.96. Ka haddace ta, domin ranar da aka ɗauke wuta ba ka kira ta ba, tafiyar ta tafi.

Ba na yara ba ne. Akwai jini, da azabtarwa, da shan taba, da shigar da ba za ka so a gani a falo ba.

Wani abu da ya sauya lissafin: ranar 28 ga Agustan 2025 Konami ya fitar da Metal Gear Solid Delta: Snake Eater, wato na ukun da aka sake ginawa da hoton zamani, a PS5 da Xbox Series da kwamfuta, kan dala 69.99. In Snake Eater kaɗai kake so kuma kana da na'urar, zaɓi ya zama tsakanin tsohon a dala 20 da sabon a dala 70. Labari ɗaya ne. Ni dai da wanda bai taɓa bugawa ba zai tambaye ni, sai in ce ya fara da na dala 20, in ya kama shi ya san abin da zai tara wa kuɗi.

Inda ake yin asara wajen saye

Shagon PlayStation da na Nintendo ba su da reshen Najeriya ko Nijar, shi ya sa mutane ke buɗe akawun da adireshin Amurka ko Ingila, su sayi katin caji. Katin dole ya zama na ƙasar akawun ɗin. Na Ingila ba ya shiga akawun ɗin Amurka, kuma mai sayarwa ba zai karɓa ba in ka riga ka kankare. Faifan PS5 da katin Switch suna aiki ko daga wace ƙasa suka zo, sai dai a PlayStation ƙarin kayan da ake saye daga baya sai sun dace da yankin faifan.

A yi hattara da masu tallar "gem a rabin kuɗi" ta hanyar ba ka akawun ɗin wani. Ranar da mai shi ya sauya kalmar sirri, ko kamfanin ya rufe akawun ɗin, ba ka da gem, ba ka da wurin kai ƙara. Haka na'urar da aka yi wa kutse aka loda mata gem: tana aiki, amma ba ta shiga intanet lafiya, ba ta karɓar gyara, kuma sababbin gem sukan ƙi tashi a kanta. Faifai ko kati na hannu, wanda ka gwada a shago kafin ka biya, ya fi duk waɗannan kwanciyar hankali.

Wa ya kamata ya sayi wanne

Mai gida da yara, ko mai ƙanne da ke cika masa ɗaki, kuma akwai Switch: Mario Wonder, a kati. Shi ne kuma na wanda wutarsa ba ta da tabbas, da matafiyi, da wanda ba ya son ya sayi data saboda gem. Yana hawa Switch 2 da ta fito a Yunin 2025, don haka ko ka sauya na'ura bai zama asara ba.

Mai PS5 mai cin faifai da ke son abin da zai nuna masa inda kuɗin na'urarsa ya tafi: Spider-Man 2, na hannu, da niyyar sayarwa. In taka marar faifai ce, jira rangwame, kuma ka sauke shi inda data ba ta da iyaka.

Mai PS4 ko Xbox One da ke neman abin da yara za su buga: Sonic Superstars, amma sai an yi ragi, kuma a riƙa karɓa-karɓa da pad maimakon a taru huɗu a allo. Wanda tsohon Sonic yake kewa ya nufi Origins Plus.

Babba mai jin Turanci, mai haƙuri, wanda labari ya fi hoto muhimmanci a wurinsa: Metal Gear, a PlayStation ko Xbox ko kwamfuta. In kana shakka, sayi Snake Eater shi kaɗai tukuna. Shi ne farkon labarin a jerin shekaru, ba ka buƙatar sanin komai kafin ka shiga. Mai Switch kaɗai ya tanadi katin ajiya da datar giga 20 da ɗoriya kafin ya je shago.

Wanda kuma ba shi da ko ɗaya daga cikin na'urorin, yana tunanin sayen na'ura saboda ɗaya daga cikin huɗun nan: Switch ta hannu da katin Mario sun fi PS5 da Spider-Man sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, a ranar saye da kuma kowane wata bayanta. In za a haɗa da talabijin, a tabbatar ba Switch Lite aka miƙo maka ba, domin ita a hannu kawai take aiki.